A-kori-kurar Mai Lambu

Tartsatsi ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin tun kafin ya gaida mai motar. Ƙarfen da sanyi, har da sauran raɓa a kai. Ya bar hannun a wurin ya daɗe, kamar mai neman zazzaɓi a goshin mara lafiya, kuma da bai samu ba sai ransa ya ɗan ɓaci.

"Ba a tayar da ita ba," ya ce wa abokinsa.

"To, sai ka gaida mutane," in ji Sifana, makaniken da ya rako shi. Ya ɗan rusuna wa mai gidan. "Ina kwana, Baba. Ka yi haƙuri da shi. Tun muna ƙanana sai ya gaida ƙarfe kafin ya gaida mutum."

Dattijon da kowa ke kira Mai Lambu yana tsaye da tiyo a hannu, yana ba dashe ruwa. Layi-layi suke a cikin baƙaƙen ledoji, tun daga bakin ƙofa har gindin rumfa. Ya kashe famfon, ya goge hannu a jikin rigar aikinsa.

"Lafiya lau. Sannunku da zuwa. Na zaci sai da rana za ku zo."

"Da rana muka ce," in ji Tartsatsi. "Shi ya sa muka zo yanzu."

Ƙa'idar ba ta da laifi. Mota da sanyinta ake duba ta, domin mai sayarwa in ya san lokacin zuwanka sai ya ɗumama injin, inji mai ɗumi kuwa yana ɓoye tarinsa. Amma ba ƙa'ida kaɗai ta fito da Tartsatsi da sassafe ba.

Shi mai walda ne, ƙofofi da tagogin ƙarfe yake ƙerawa, kuma ya daɗe yana neman babbar a-kori-kura, don ƙananan ba sa ɗaukar manyan ƙofofi, direbobin haya kuma sai sun kankare masa fenti kafin su kai. Mahaifiyarsa ce ta gaya masa cewa Mai Lambu na son sayar da tasa. Ta faɗa ne tana kallon bakin zanenta. Dukansu sun san abin da ke ƙarƙashin maganar: dattijon ya nemi aurenta. Shekaru ke nan da rasuwar mahaifin Tartsatsi, ba wanda zai ce ta yi gaggawa, ba kuma wanda ke da ikon hana ta. Ita ce da kanta ta miƙa masa wuƙa da nama.

"Babana," ta ce masa ranar, don haka take kiran sa, "ba zan shiga gidan da ba za ka iya taka ƙafarka ba. In ranka bai so ba, magana ta mutu."

Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Watanni suka yi ta wucewa, yana zuwa gaishe ta, yana gyara mata ƙofar da ba ta lalace ba, yana tafiya. Wannan shirun zalunci ne, ko da yake shi ladabi yake kiran sa. Yau ya zo ne neman ƙarya guda ɗaya a jikin motar nan, wadda zai ɗauka ya kai mata ya ce, Inna, ga irin mutumin.

Motar fara ce, doguwa, mai tsayi, da kujera guda mai faɗi a gaba. Fentinta ya dushe a kafaɗu. Bayanta cike yake da karce-karcen tukwanen fure, da ɓurɓushin baƙar ƙasa a kusurwa.

Sifana ya ɗaga murfin injin ya tokare shi. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya murza abin da ya biyo ta tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci.

"Kai! Wannan man ya fi wanda matata ke mana suya da shi haske."

"Zan gaya mata," in ji Tartsatsi, ba dariya.

"Gaya mata. Ita ma ta sani."

Ya buɗe bakin lagireto ya leƙa. Ruwa ne tsab, ba kumfa, ba maiƙo. Ya matsa robobin da ruwan ke bi, ya ja fanbel ya sake shi, ya girgiza kan batir. Sannan ya ce, "Baba, tayar mana da ita."

Bugu ɗaya ta tashi. Tartsatsi ya riga ya tsugunna a bayanta, ya kara farin ƙyalle a bakin salansa. Wani siririn tururi ya fito ya ɓace. Ya duba ƙyallen, ya juya shi, ya sake dubawa. Ya mayar da shi aljihu kamar ƙyallen ne ya yi masa laifi.

Mai Lambu ya sauko ya bar injin yana aiki.

"Kafin ku wahala, bari in gaya muku abin da na sani," ya ce. "Giya na uku yana fita in ana gangara, sai ka riƙe shi da hannu. Allurar mai ƙarya take yi, in ta nuna rabi to ka fara neman gidan mai. Gilashin wajen direba in ya sauka gaba ɗaya sai an lallaɓa shi. Akwai kuma tsatsa a baya, ƙarƙashin shimfiɗar roba, ta wajen hagu. Ruwan dashe ne ya jawo ta."

Sifana ya riƙe ƙugu. "Baba, anya kana son sayarwa kuwa? Ka bar mana ko abu ɗaya mu gano da kanmu mana, kada a ce kallo muka zo."

Dattijon ya yi murmushi. Tartsatsi ya hau baya ya ɗaga shimfiɗar. Tsatsar na nan inda aka ce, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Ya soka mata sukudireba da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata, ƙarfen bai huje ba. Ya sauko ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana shafa su, ko zai ji gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Duk daidai suka ci. Ya danna kowace kusurwa da nauyinsa ya saki, motar ta ɗago ta tsaya cak. Duk aibin da mai mota ya faɗa da bakinsa ya fita daga hannun mai nema, kuma Tartsatsi yana jin hannunsa na ƙara zama fayau.

Sai ya zaro kayan aikinsa na ƙarshe. Ɗan maganaɗisu ne, naɗe a tsumma don kada ya karci fenti. Inda ƙarfe yake na asali sai ya manne. Inda masu gyaran bodi suka cike rami da ƙullunsu suka shafe da fenti, ba ya kamawa. Ya fara daga hanci, ya bi gefen direba, ya zaga baya. Ko'ina ɗaf, ɗaf, ɗaf. Sifana ya nemi bokiti ya kife ya zauna, yana tambayar dattijon wane dashe ne ba ya mutuwa ko an manta da shi, don irinsa yake so.

A ƙasan ƙofar fasinja, daidai inda ake taka ƙafa, maganaɗisun ya zame ya faɗi a ƙasa.

Tartsatsi ya ɗauka ya sake karawa. Ya sake faɗuwa. Ya kwanta rigingine ya tura kansa ƙarƙashin motar, ya kunna fitilar wayarsa. Fentin wurin sabo ne, har yanzu yana wari. Da ya goga farce sai ya ji tabon ramuka da aka cike, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya fito ya buɗe ƙofar. Ƙarafan da take rataye a kai ba na kamfani ba ne, kuma an cire abin da ke tare ta, har ta buɗe ta kusa taɓa gaban motar.

"Sifana, zo ka gani!"

Akwai murna a muryarsa, irin murnar da ba ta yi wa fuskar kowa kyau.

Ya juya ga dattijon. "Ka lissafa mana gilashi, ka lissafa mana allura. Hatsarin fa? Shi ka manta?"

"Motar nan ba ta taɓa hatsari ba."

"Ni ƙarfe ne abincina, Dattijo. An cike nan, an shafa fenti kwanan nan. An canja maratayan ƙofa. In ba buge ta aka yi ta wannan gefen ba, me ya kai walda nan?"

Sifana ya riga ya shiga ƙarƙashi. Muryarsa ta fito daga can: "Shasin a miƙe yake fa, Tartsatsi. Da buge ta aka yi, da na ga inda ya..."

"Yi mini shiru." Idonsa na kan dattijon. "Ƙananan ka faɗa mana don mu daina neman babban. Na san irin wannan wayon. Mai gaskiya da yawa a baki, shi nake fara bincika."

"Kai, kai," in ji Sifana, yana fitowa da ƙasa a ƙeya. "Sa'an mahaifinka ne fa."

"Shi ya sa."

Mai Lambu ya miƙa hannu ta taga ya kashe injin, wurin ya yi tsit, sai ɗigar famfo. Ya tsaya kamar mai shawara da kansa. Sannan ya juya ya bi tsakanin layukan dashe ya shiga rumfa. Aka ji yana ture buhuna. Da ya fito, yana rungume da wani abu na ƙarfe, ya zo ya ajiye shi a ƙasa a gaban Tartsatsi, a hankali, kamar abin zai ji ciwo.

Matakala ce mai hawa biyu. An naɗe kowane mataki da guntun kafet, an ɗaure da waya, kafet ɗin ya goge a tsakiya har zaren ya fito. Waldar kuwa abin kunya ce, dunƙule-dunƙule kamar kashin kaji. Hannun Tartsatsi ya ɗauki abin kafin ya yi niyya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. Inji na ara a wurin maƙwabci."

"Ai an gani."

Ya durƙusa ya kara ta a ƙasan ƙofar. Ramukan suka hau kan tabon da aka cike, kowanne a mazauninsa. Ya juya ta yana dubawa, kuma abin da shekarun aiki suka koya wa idonsa ya fara karanta masa abin da bai zo nema ba. Matakin sama shi ne tsoho, waldarsa ta yi baƙi, ƙusa biyu kawai aka fara ɗaure shi da su. Na ƙasa daga baya aka ƙara shi, da wani ƙarfe dabam, aka huda sababbin ramuka don ya ɗauki nauyi. A gefe akwai guntun bututu da aka liƙa daga baya ma, na dafawa, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Sai ƙofar. Wanda zai hau da ƙafarsa, ko da mataki nawa ne, ba ya bukatar ƙofa ta buɗe haka. Sai wanda zai shiga da wani a rungume.

Bai ɗago kai ba.

"Ta marigayiya matata ce," in ji Mai Lambu. "Da farko gwiwa ce kawai. Motar ta yi mata tsayi. Ba ta son a bar ta a gida, ko dashe zan kai sai ta ce a tafi da ita ta ga mutane. Ta kan zauna nan ta yi ta gyara mini tuƙi. Daga baya matakalar ma ta daina amfani. Ban dai cire ba."

"Sai da zan zo," in ji Tartsatsi.

"Sai da za ka zo."

"Don me?"

"Mota ka zo saya. Da ka gan ta a jiki da ka tambaya, da na ba ka labari, kai kuma ka ce na shirya maka ne don in sami abin da nake nema a gidanku. Ban so marigayiya ta yi mini roƙo ba." Ya dubi tabon fentin. "Amma ya kamata in gaya maka na cike ramuka. Nan ban kyauta ba. In ka kankare za ka ga ƙarfen lafiyarsa lau."

Abin da ya dace Tartsatsi ya yi a nan sananne ne, ba sai an koya wa mai gemu ba. Bai yi ba. Ya ajiye matakalar a ƙasa ya ce, "Waldar nan ba ta da kyau."

"Ba ta da kyau," in ji dattijon. "Ba ta dai taɓa sakin ta ba."

Tartsatsi ya jingina ta da tayar gaba, ya taka matakin ƙasa da ƙafa ɗaya, ya ɗora dukkan nauyinsa. Ya yi ɗan tsalle a kai. Ƙato ne, ba ƙaramin mutum ba. Ƙarfen ko motsi. Ya sauko, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya kai ta inuwar rumfa ya ajiye inda ruwan tiyo ba zai same ta ba.

Sifana ya kakkaɓe wandonsa. "To, tunda ba a kashe kowa ba, a hau titi. Ni baya zan zauna in saurari sifirin. Ku biyu ku shiga gaba, in za ku yi dambe ku buɗe taga in kalla."

Mai motar ne ya fara ja, don mai saye ya sami kunnen saurare. Tuƙinsa na ban haushi ne. Yana shiga giya kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da wani ke barci, yana kewaye kowane rami, har waɗanda keke ba zai kula da su ba. Tartsatsi ya zauna a wajen fasinja, inda kujerar ta ɗan lotsa ta gefen ƙofa, bai san inda zai ajiye hannunsa ba.

Sun kusa babban titi sai wani kare ya gitta. Dattijon ya taka birki, kuma a daidai lokacin hannunsa na dama ya miƙe ya tare ƙirjin Tartsatsi, da ƙarfi, kamar mai riƙe abin da zai zube. Motar ta tsaya. Hannun ya ɗan daɗe a wurin kafin mai shi ya lura.

Ya janye shi da sauri ya mayar kan sitiyari. "Yi haƙuri. Hannun nan har yanzu bai ji labari ba."

Tartsatsi ya juya yana kallon waje. Daga baya Sifana ya buga rufin yana ihu cewa birki na ci, shi shaida ne, ya tabbatar da goshinsa.

A bakin garejinsa Sifana ya diro. Ya zo taga yana murza goshi. "Baya lafiya lau, ko ƙiƙ ban ji ba. Inji lafiya, birki ya fi lafiya. In ba ka so ka bar mini." Ya sunkuyo ya rage murya, amma ba yadda dattijon ba zai ji ba. "Yau ka ji kunya, kuma ta yi maka kyau. Ka riƙa sa ta." Ya daki ƙofar ya tafi.

Suka yi musayar wurin zama. Tartsatsi ya ja kujerar baya, ya gyara madubi, ya hau titi. Sitiyarin ba ya ja gefe. Kulocin yana kamawa inda ya kamata. A gangaren gada ya sa giya na uku ya saki hannu da gangan, giyar ta fita, kamar yadda aka gaya masa. Ya mayar da ita ya riƙe.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa. Sannan, idonsa na kan hanya, ya ce, "Me kake nema wurin mahaifiyata?"

Dattijon bai yi kamar bai gane ba. "Ina so in dawo gida in tarar da wanda zan gaya wa abin da na gani a hanya. Ita kuma tana da abin faɗa da yawa, na lura ba mai saurare."

Maganar ta soki Tartsatsi.

"Ka san jinyar da ta yi?" ya ce. "Babanmu shekaru ya yi a kwance. Ni ina can wani gari ina koyon aiki, kuɗin magani kawai nake aikowa ina ganin na yi abin kirki. Ranar da na dawo na tarar ta ɗaura masa zani a ƙirji tana jan sa ta zaunar da shi, ita kaɗai. Har yau wuyan hannunta ba ya murɗa murfin kwalba. Ta gama wannan, ta huta. Kai kuma ba yaro ba ne. In ka kwanta fa? Ta sake daga farko?"

Shi ke nan abin da ya yi watanni a maƙogwaronsa. Da ya fito sai ya ji bai kai girman da yake zato ba, amma bai ƙanƙance ba.

Mai Lambu ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba," ya ce. "Yana iya zama ni. Yana iya zama ita. Na gaya mata haka, ta ce ta fi ni sani. In ni ne, ina da 'ya'ya, na kuma gaya musu ba ita za ta ɗaga ni ba. In ita ce..." Ya juya tafin hannunsa sama. "Na iya ɗaukar mutum ba tare da na ji masa ciwo ba. Ba kowa ya iya ba. Ni ma sai da na koya."

Tartsatsi ya ci gaba da tuƙi. A mararrabar da ya kamata ya yi dama su koma lambu, ya kunna sigina ya yi hagu. Dattijon ya ga hanyar, ya gane ta, ya gyara wuyan rigar aikinsa, ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin farcensa.

"Da ka gaya mini, da na canja riga."

"Mota muke gwadawa," in ji Tartsatsi.

Mahaifiyarsa ta fito zubar da shara ke nan motar ta tsaya a ƙofar gidanta. Ta ga ɗanta a kan sitiyari, ta ga wanda ke gefensa, sai ta tsaya da kwandon a hannu. Mace ce gajera, mai ƙarfin jiki, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta.

"Lafiya, Babana?"

"Lafiya lau, Inna."

Suka sauko su biyu. Ta gaida dattijon kamar yau ta fara ganin sa, shi ma ya amsa yana kallon tayar motarsa.

"Ɗauko mayafinki," in ji Tartsatsi. "Ban gama duba motar nan ba. Ina so in ji sifirin baya da kunnena, ban yarda da kunnen Sifana ba. Dattijo zai ja, ni zan hau baya. Kuma sai an sami nauyi a gaba, ta daidaita."

"Ni ce nauyin?"

"Ke ce."

"Ka ji mini ɗan banza." Ta ajiye kwandon. Ta dube shi, irin duban da take yi masa tun yana rarrafe, wanda ba ya barin komai a aljihu. "Haka ake duba mota?"

"Haka ake yi."

"Tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, rana na yi."

Ta shiga gida. Ta ɗan daɗe fiye da yadda ɗauko mayafi ke bukata, kuma da ta fito ba wanda take zuwa kasuwa da shi ta yafa ba. A bakin ƙofar motar ta tsaya ta ɗaga kai ta auna tsayinta. Mazan biyu suka matso lokaci guda, kowa da hannu a miƙe.

"Ku ba ni wuri," ta ce. "Wa ya ce muku na gaza?"

Ta tattare zanenta, ta kama bakin kujera, ta ce bismillah, ta haye. Ta zauna ta gyara mayafi tana kallon gaba, kamar kullum a nan take zama. Tartsatsi ya rufe mata ƙofar, ya taka taya ya hau baya, ya zauna a kan shimfiɗar roba ya jingina da bayan ɗakin direba.

Motar ta tashi a hankali, har wani mai keke ya wuce su yana waiwaye. Tartsatsi ya juya ya leƙa ta gilashin baya. Tana manne da ƙofarta, dattijon yana manne da tasa, tsakaninsu filin da buhu zai zauna. Ba mai kallon wani. Ya mayar da kansa ya kasa kunne ga sifirin, tunda abin da ya ce zai yi ke nan. Ba abin da ya ji.

Can sai muryarta ta fito ta taga.

"Malam, haka kake tuƙi? Ai da ƙafa ma da mun isa."

Bai ji amsar dattijon ba. Dariyarta ya ji, gajera, ta kuma toshe ta da mayafi, sannan ta sake kuɓuce mata.

Suna gab da layin shagonsa. Nan ya yi niyyar sauka, ga ƙofofi na jiran fenti. Ya ɗaga hannu zai buga rufin a tsaya. A ciki ta fara ba da wani labari, yana jin tashin muryarta da saukarta, ba ya jin kalmomin. Shagon ya zo daidai su, ya wuce. Ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa, ya gyara zama.